Ba Duk Mai Riƙe Da Sitiyari Ne Direba Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na nan Shadawanka



 Muna gode wa shugabanni da suka ba mu wannan dama domin mu ɗan tattauna a kan wani al'amari da ya shafi kowane gida a unguwar nan, wato direbobi iri-iri da sunayen da ake kiransu da su, musamman waɗanda muka ara daga Turanci.

Wani zai ce, to mene ne abin kiran taro a kan sunan direba? Dalili shi ne, mu mutanen Shadawanka yawancinmu zuwa muka yi. Wasu iyayensu sun taso daga Kano, wasu Katsina, wasu Zazzau ko Sakkwato, neman abinci ya kawo su gefen barikin nan suka zauna. Kayan da muke sayarwa mota ke kawo mana su, saƙon da muke aikawa gida mota ke kai shi, matanmu da 'ya'yanmu in za su ganin gida a hannun direba muke danƙa su. Kuma in muka duba samarin unguwar nan, za mu ga da yawansu da tuƙi suke ci, ko kuma shi suke fatan koya. Saboda haka wanda bai san bambancin mutanen da ke harkar mota ba, wata rana zai miƙa dukiyarsa ga wanda ba shi da ikon karɓa, ko ya sa hannu a takardar da bai san abin da ta ƙunsa ba.

Asalin kalmar

Bahaushe yana da kalmarsa, wato matuƙi. Tun kafin mota ta zo ana tuƙa jirgin ruwa, ana tuƙa tuwo. Amma a tasha ba ka jin ana cewa matuƙi, sai dai a labarun rediyo. Abin da kowa ke faɗi shi ne direba, daga driver na Turanci. Su ma Turawan ba don mota suka ƙirƙiro kalmar ba, a wurinsu asalinta mai kora dabbobi ne, ko mai kora dawakin da ke jan keken doki. Da mota ta fito sai sunan ya bi ta.

Yawancin waɗannan kalmomi ta hanyar bariki da tasha suka shigo bakinmu, kuma mu da ke maƙwabtaka da soja mun fi kowa sanin haka. Ita kanta kalmar bariki ai aro ce. Sojojin ƙasar nan da suka je yaƙin Bama suka dawo bayan 1945, da yawa sun dawo da sana'ar tuƙi da kanikanci, suka dawo kuma da sunayen kayan aikin. Daga nan muka sami sitiyari da birki da giya da kuloci da totur da ribas da lasin. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa, da yake Faransa ce ta mulke su, sai ka ji suna ce wa babbar mota kamyo, yaron mota kuma aparanti. Harshe ɗaya, amma kowa da bakin Baturen da ya ara.

Kakanninmu fatake ba su taɓa haɗa mutanen ayari a suna ɗaya ba. In za a Gwanja sayen goro, akwai madugu, shi ne uban tafiya. Akwai jagaba mai wucewa gaba, akwai uban dawaki, akwai 'yan alaro masu ɗaukar kaya, in an sauka a zango kuma ga fatoma mai masauki. Kowa an san aikinsa, an san wanda za a tuhuma in kaya ya ɓace. Mu ne yanzu muka tattara kowa muka kira shi direba, alhali harkar mota ita ma tana da nata madugun da nata 'yan alaron.

Direban gida da na ofis

Mu fara da wanda ke tuƙa mai gida ko wani babban ma'aikaci. A takardun neman aiki za ku ga an rubuta personal driver, a manyan otal da kamfanoni kuma sukan rubuta chauffeur. Wannan ta biyun kalmar Faransanci ce Ingilishi ya ara, asalin ma'anarta mai hura wuta, domin injunan farko da tururi suke aiki, sai an sami mai zuba musu gawayi. Yau kuwa in an ce ana neman chauffeur, ana nufin direba mai tsafta da ladabi, wanda zai buɗe ƙofa, ya san gari, ya kuma kama bakinsa. Wannan na ƙarshen shi ne jarin direban gida. Yana jin maganar mai gida da iyalinsa, ya san inda aka je da wanda aka gani. Duk yaronmu da ya sami irin wannan aiki, mu gaya masa cewa abin da ya ji a mota a mota zai bar shi.

Direban gwamnati ko na kamfani shi ake ce wa official driver. Motar ba tasa ba ce, ba kuma ta ubangidansa ba ce, ta ofis ce, kuma akwai littafin da ake rubuta duk inda ta je. Mu daina matsa wa irin waɗannan 'ya'ya namu cewa su ɗauko mana buhu biyu daga Jos tun da hanya ɗaya ce. Buhu biyun nan sun raba mutane da aikinsu. Haka nan direban soja da muke gani kullum yana fita daga bariki, soja ne kafin ya zama direba, umarni yake bi, ba ya tsayawa don an ɗaga masa hannu.

Direban haya

Wannan shi ne commercial driver, kuma shi muka fi hulɗa da shi. A cikinsu akwai mai tasi, akwai mai bas. Tasi ta samo sunanta daga wata na'ura mai lissafin kuɗin tafiya da Turawa ke ce wa taximeter, ko da yake mu ciniki muke yi da baka. Bas kuwa guntun omnibus ne, kalmar Latin mai nufin na kowa da kowa. Akwai kuma ɗan kabu-kabu, wanda motarsa ta gida ce, ba fenti ba rajistar haya, amma yana ɗiban fasinja in ya taso daga aiki ko in aljihu ya yi sanyi.

A nan akwai kalmomi uku da ya kamata iyaye mata musamman su riƙe. In ka ce shata, daga charter, ka ɗauki motar gaba ɗaya ke nan, ba a sa maka kowa. In ka ce dirof, daga drop, kai kaɗai za a kai inda za ka a cikin gari, kuɗin kuma ya fi na kujera. In kuwa ka tsaya a bakin titi ka tare mota, kujera ka saya, duk wanda direba ya ga dama zai ɗauka. A Abuja da Ikko akwai abin da suke kira one chance, wato mota mai kiran saura mutum ɗaya, alhali waɗanda ke ciki duk ɓarayi ne. Maganin wannan shi ne shiga mota a tasha, inda za a rubuta sunanka da lambar wani naka a takardar fasinjoji da ake kira manifes. Kada mu ga kamar ɓata lokaci ne. Ran da tsautsayi ya faɗa a hanyar Ningi ko ta Darazo, da takardar nan ake neman dangi.

Direban babbar mota

Mutanen Ingila suna cewa lorry, na Amurka suna cewa truck, mu kuma muka raba su da sunayensu: tirela, tanka, tifa. Dattawan da ke nan sun tuna zamanin Marsandi 911 mai bodin katako, sun kuma tuna lokacin da kamfanin Steyr ya fara haɗa manyan motoci da taraktoci a nan Bauchi a ƙarshen shekarun 1970. Direban tirela shi ne madugun wannan zamani. Shi ke ɗauko siminti daga Ashaka, ya ɗauki shanu daga Potiskum zuwa kudu, ya ɗauki hatsi daga Dawanau. Yakan yi mako biyu bai kwana a gidansa ba, kuma kayan da ke bayansa sau da yawa sun fi abin da zai samu a shekara goma. Duk da haka ya kai su ya dawo da takarda. Irin wannan mutum ya cancanci girmamawa, kuma bai kamata a ce don sana'arsa tuƙi ce za a yi masa wulaƙanci in ya zo neman aure ba. A binciki halinsa kamar yadda ake binciken na kowa.

A gefensa akwai safaya, wato spare driver, mai karɓarsa in ya gaji. Akwai kuma yaron mota, motor boy, wanda aka fi sani da karen mota. Shi ke sa wa taya waigi a kan tudu, shi ke ɗaure tamfol, shi ke kwana a ƙarƙashin mota yana gadi. Sunan ba daɗi, amma yawancin manyan direbobin da muke ji da su ta nan suka biyo. Abin da za mu kula da shi shi ne, yaron mota ɗalibi ne. Bature yana kiran mai koyo learner, mu muka ce lana, doka kuma ta ce ya liƙa jan harafin L, kuma kada ya tuƙa sai da mai lasin a gefensa. Direban da ya miƙa wa yaronsa sitiyari da tsakar dare ya koma baya ya kwanta, da lodin mutane ko na kaya, ya ci amana.

Mai tuƙa tarakta ko gireda ko katafila kuwa, a takarda ba a ce masa driver, sai operator. Yaron da ya iya gireda ya je neman aiki ya ce shi direba ne, ya rage wa kansa daraja da albashi da bakinsa.

Masu babur da Keke

A Turanci mai babur rider ne, domin hawa yake yi kamar mai doki. Mu muna cewa ɗan acaɓa, a kudu suna cewa okada, sunan da aka aro daga wani kamfanin jiragen sama, Okada Air, saboda saurinsu. Mai kai saƙo a babur shi ne dispatch rider. Mai ƙafa uku kuwa sunanta ya bi gwamnatocin da suka kawo ta: a Ikko Keke Marwa, saboda Buba Marwa da ya yi gwamna daga 1996 zuwa 1999, a sauran wurare Keke Napep, saboda shirin yaƙi da talauci na 2001, a Kano kuma A Daidaita Sahu, tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Da Kano ta hana acaɓa a 2013 sai Keke ta cika gari.

A nan ne 'ya'yanmu suka fi shiga rigima, kuma kalma biyu ce ke jawo ta. Ta farko balas, wato kuɗin da mai tuƙi zai kawo wa mai abin hawa kullum. Wanda ke kan balas, ko ya shekara biyar yana biya, Keken ba tasa ba ce. Ta biyu hire purchase, wato a ba ka abin hawa a kan farashin da aka yanka, kana biya kaɗan-kaɗan har ka gama ya zama naka. Amma a sani, kafin biyan ƙarshe abin hawan na mai shi ne. Mun sha zama sulhu a unguwar nan, yaro yana rantsuwa cewa saye yake yi, mai Keke yana rantsuwa cewa balas yake karɓa, ba takarda ba shaida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 irin wannan ƙara ta ƙaru, domin abin da ke saura a hannun yaro bayan ya sha mai ya ragu.

Sai kalmar garanto, daga guarantor. Da yawanmu muna sa hannu muna tsammani shaida ce kawai cewa mun san yaron. Garanto lamuni ne. In yaro ya gudu ko ya kasa biya, wanda ya sa hannu za a kama. A tsaya wa na kirki, wannan taimako ne, amma a karanta takardar tukuna, wanda bai iya ba ya nemi mai karanta masa.

Waɗanda ba direbobi ba ne

Yanzu ga inda mu 'yan kasuwa muka fi asara. In ka shiga tashar Muda Lawal ko wata tasha, wanda zai fara tare ka ya karɓi jakarka yawanci ba shi ne direba ba. Ɗan kamasho ne, daga commission, aikinsa ya cika mota a ba shi ladansa. Bature yana kiran wanda ke wannan aiki ba da izini ba tout. Akwai kwandasta mai karɓar kuɗi a bas, akwai 'yan lodi, akwai kuma 'yan yuniyon, wato jami'an ƙungiyar NURTW da aka kafa a 1978, su ke riƙe da tasha da layin motoci. Masu manyan motocin kansu kuma ƙungiyarsu daban, ita ce NARTO.

Abin da ke faruwa shi ne, mutum zai kai buhunan wake ko dilar atamfa, ya ga wani yana kaɗa makulli a yatsa yana ba da umarni, sai ya miƙa masa kaya da kuɗin mota ya juya. Bayan kwana uku kaya ba su isa ba. In an je tasha, direba ya ce shi bai karɓi kome ba, yuniyon su ce ba a rubuta a wurinsu ba, mai makullin kuma an neme shi an rasa. Wa za ka kama? Saboda haka kada kaya su bar hannunmu sai an rubuta webil, wato waybill, takarda mai ɗauke da irin kayan da adadinsu, da lambar mota, da sunan direba, da sunan mai karɓa. A yi ta a ofishin yuniyon, a riƙe kwafi. In an ga an rubuta owner's risk a jikin rasit, ma'anarsa in kaya sun lalace asarar mai kaya ce, sai a yi magana tun kafin mota ta tashi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Islamiyya an karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A babin haya kuma malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin mai jirgin ruwa da ya ɗauki kaya, cewa ba ya cin ladansa sai ya kai su inda aka yi da shi. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke sa zumunci ya daɗe.

Lasin da inshora

Lasin ma aji-aji ne, kuma harafin da ke jikinsa yana da ma'ana. A na babur ne, B na ƙaramar mota, F na injunan gona, G na tirela da tanka, H na su gireda, J kuma na masu lalura ta musamman. Mai lasin B da ya hau tirela, a wurin doka daidai yake da marar lasin. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Babangida, ita da jami'an VIO su ke duba wannan. Kafin mu ba wa direba mota ko kaya, mu karɓi lasin mu dubi harafin da ranar ƙarewarsa.

Inshora kuma iri-iri ce. Third party, wadda doka ta wajabta, wadda kuɗinta na ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai. Ba ta gyara motarka, ba ta biyan kayan da ka ɗauko. Comprehensive ita ce mai haɗawa da motarka. Kayan ciniki kuwa inshorarsu daban ce, goods in transit. Da yawa sai bayan mota ta faɗi suke jin wannan bayani.

Abin da muke roƙo

Muna roƙon shugabannin ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a buɗe littafi a rubuta duk direbobin unguwar nan, kowa da irin motar da yake ja da ajin lasinsa da hanyar da yake bi, domin mai neman direba ya san inda zai dosa, yaranmu kuma su sami aiki ta hannun waɗanda suka san su. Na biyu, a samo mutum biyu ko uku cikin 'ya'yanmu masu ilimin boko waɗanda za su riƙa karanta wa jama'a takardar yarjejeniya su fassara ta da Hausa kafin a sa hannu. Na uku, duk cinikin Keke ko babur ko mota tsakanin 'yan ƙungiya a rubuta shi a gaban shaidu biyu, a faɗi a sarari ko balas ne ko saye, da wanda gyara ke kansa.

Ku kuma 'yan'uwanmu direbobi, mun san wahalarku: tsadar mai, lalacewar hanya, shingaye, ga fasinja mai gaggawa. Amma obalodi da gudun wuce sa'a da ƙwayar hana barci ba su taɓa ƙara wa kowa arziki ba. In barci ya zo a faka a kwanta. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Mu ma 'yan kasuwa mu daina zuga direba cewa lallai sai ya isa kafin kasuwa ta ci, mu daina cusa buhu a kan buhu don ragin kuɗin mota, domin in an yi asara tare za mu yi kuka.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanyar neman halaliyarsu, ya sa albarka a kasuwancinmu da zamanmu na Shadawanka.